ALƘALAMI DA ALLURA

(Jawabin da wani ɗanmu, mushen lakwal, ya yi a madadin malaman gari a taron ƙungiyar ƴan Dawce na bayan Babbar Salla. Dattawa suka ce a buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Mai girma maigari, liman da malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu da suka taso daga Kano, Legas, Yamai, Damagaram da Agadas, har da na Tamanraset da Libiya, muna gaishe ku, muna yi muku barka da Salla. Allah ya maimaita mana.

Mu yara ne a gabanku. Da yawa daga cikinku kun ga ranar sunanmu, wasu kuma sun kore mu daga gonar rake da tsumagiya. Ba mu isa mu yi wa dattijo wa'azi ba. Amma ku kuka ba mu amanar ƴaƴanku da jikokinku, kullum suna gabanmu tun safe, saboda haka tilas ne mu faɗa muku abin da muke gani. In mun yi kuskure a gyara mana.

Wani abu ne ya faru a gaban idonmu bara, gab da faɗuwar damina, shi ya sa muka zaɓi wannan magana. Wani dattijo, ba za mu faɗi sunansa ba, ya zo mana lakwal da gafaka a rataye. Ya fito da takardu biyu da suka yi ja don tsufa. Rigima ce ta taso a kan wata gona da mahaifinsa ya ba da jingina lokacin yunwar 1984. Waɗanda gonar take hannunsu suka ce saye ne. Takarda ɗaya da ajami aka rubuta ta, hannun wani malami da ya riga mu gidan gaskiya. Ɗayar da Faransanci, hannun wani tsohon mushe, da irin rubutun nan mai sarƙe, wanda baƙaƙen kalma ke riƙe da juna kamar carbi. Dattijon nan yana da jikoki da suka yi lakwal, ɗaya ma ya shiga koleji, kowannensu da waya a hannu. An ba su takardar Faransanci, suka juya ta, suka sake juya ta, suka ce wannan rubutu ba irin nasu ba ne. Ta ajamin kuwa, sun yi allo, amma ba su taɓa karanta Hausa da shi ba. Mu muka karanta masa ɗaya, liman ya karanta ɗayar. Duka biyun sun ce jingina ce, ga yawan kuɗin, ga sunayen shaidu. Da haka magana ta mutu a zauren maigari, ba a kai ga alƙali ba.

Da zai tafi muka ga aljihun rigarsa ya yage, an kama shi da fil. Muka tsokane shi, irin wasan jika da kaka. Ya yi dariya ya ce gidansa mutum ya fi ashirin, amma babu allura, sai ranar kasuwa in tela ya zo. Ya tafi ya bar mu da tunani. Gida cike da mutane, babu mai karanta takardar gado, babu mai ɗinke aljihu. Tun daga ranar muke ganin abubuwan nan biyu ciwo ɗaya ne.

Bari mu fara da rubutu. Iyayenmu da suka shiga lakwal zamanin Diori Hamani sun san alƙalamin ƙarfe da ƴar kwalbar tawada mai ruwan makuba da ake sakawa a ramin tebur. Ko a Faransa, sai a 1965 aka yarda yara su yi rubutu da bik a cikin aji. Mu ba mu tarar da wannan ba. Mun tarar da ardwaz da alli, sa'an nan kaye da bik. Amma mun tarar da darasin rubutu yana nan da ƙarfinsa. Layukan nan da kuke gani a kayen ƴaƴanku suna da dalili. Wani mai sayar da takardu a Faransa, Séyès, shi ya ƙaga su a 1892. Tsakanin manyan layuka milimita 8 ne, an raba shi gida 4, kowane gida milimita 2. Ƙaramin baƙi kamar a ko o gida ɗaya yake ci. Su d da t gida biyu. Su l da b da h da k gida uku. Masu wutsiya kamar g da j da p su sauka gida biyu. Mushe ya kan kama hannun yaro da nasa hannun, su zagaya baƙin tare, har hannu ya gane hanya. A makarantar horon malamai ma sai da aka tsayar da mu gaban babban allo, aka duba yadda muke jan layi da yadda muke sarƙa baƙaƙe, domin an ce rubutun malami shi ne littafin farko na yaron ƙauye.

Kafin lakwal kuma akwai allo. Wannan ku kuka fi mu saninsa. Yaro ya fere alƙalaminsa na kara ko na gamba, ya dafa tawadarsa da ƙaro, ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa. Alarammomi su kan rubuta Alƙur'ani duka da ka, izu sittin, ba su duba ba. Da wannan hannun aka rubuta wasiƙun sarakunan Damagaram, da lissafin fatake, da littattafan malamai. A cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai akwai rubuce-rubucen hannu kusan 4,000 na Larabci da ajami, waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tarawa. Mu ba baƙin alƙalami ba ne, ko kusa. Bature ya same mu da shi.

To, yanzu ina aka kwana? Yaro ya kan kai aji shida, watau CM2, rubutunsa kamar tafiyar kaza a kan rairayi. Wani yana yin baƙaƙen ɗaya-ɗaya, manya da ƙanana a gauraye, irin na fuskar waya. In aka yi dikte, kafin ya gama kalma biyu mushe ya kai ƙarshen jimla. Wani ya san amsa sarai, in ka tambaye shi da baki zai faɗa maka, amma ranar jarrabawa mai gyara bai san shi ba, takarda kurum yake gani. Abin da ba ya karantuwa ba ya samun maki. Mun ga yara masu kai sun faɗi a kan wannan, suka bar lakwal, suka bi hanyar ci-rani tun ba su isa ba.

Kada mu ɗora wa yaran laifi. Dalilan suna wajenmu. Aji ya cika, mushe ɗaya ba zai iya kama hannun kowa ba. Inda aji na zana ne, yaro a ƙasa yake zaune, kaye a kan gwiwa, iska na kaɗa shafi. Wani kaye ɗaya gare shi na dukan darussa, in ya cika sai a jira kaka. Mu malamai ma muna da namu laifin: mu kan tsallake darasin rubutu domin mu cim ma lissafi, wasunmu kuma namu rubutun a kan allo yana neman gyara. Amma babban dalili shi ne gida ya daina neman rubutu wajen yaro. Ku tuna da da. Mai ci-rani ya kan ba direba wasiƙa daga Kano ko Legas, a kira ɗan lakwal ko almajiri ya karanta a zaure, sa'an nan a zaunar da shi a faɗa masa amsa yana rubutawa. Yaron nan ya san rubutunsa zai yi tafiya, wani zai karanta shi a wata ƙasa, saboda haka yana kula. Daga baya kaset ya zo, sai waya, yanzu kuma sai a danna WhatsApp a yi magana. Ba mu ƙi waya ba. Ta haɗa uwa da ɗanta da ke Sahara, Allah ya saka wa wanda ya ƙago ta. Sai dai ta karɓe wa yaro aikinsa, ba mu ba shi wani ba.

Haka allura. Iyayenmu mata da ke zaune can baya sun san abin da muke nufi in mun ce gurza, shiɓa da kaɗi. A cire gurya da magurji, a shiɓe audugar, a ɗauki mazari, a shafa alli a yatsa, ana hira zare na taruwa. Abawa dabam, siririn zare dabam. A kai wa masaƙi, ya saƙa sawaye, a haɗa su da allura su zama gwado ko zane ko riga, a kai marina. Bature mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa har Tumbutu, da Gat, da Tarabulus. Zaren wannan ciniki duka daga yatsun mata ya fito, irin kakanninmu.

Ƙannenmu samari, ku saurara nan, domin mun ji wasunku na cewa allura aikin mata ne. A ƙasar Hausa ɗinki aikin maza ne tun asali. Gardi yana tilawa yana ɗinkin hula, da ita yake ci da kansa bai roƙi kowa ba. Zanen aska biyu da aska takwas da ke gaban babbar riga, sau da yawa malami ne ke fitar da shi da alƙalaminsa da tawadarsa, kafin allura ta bi sawu. Watau hannun da ya rubuta allo shi ne ya zana riga. Ku duba yatsunku: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Su ukun nan ke riƙe alƙalami, su ke riƙe allura, su ke murza mazari. Mun lura a aji, yarinyar da ta saba tufka ko saƙar faifai a gida, ba ta wahalar da mu wajen riƙon bik.

Me ya kashe wannan? Da farko yadin masaƙa ya zo. An buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, a Yamai kuma aka yi Sonitextil, wadda iyayenmu suka ɗaura atamfarta. Mazari ya koma ƙarƙashin gado. Sa'an nan su ma masaƙun suka gamu da nasu zamanin: ta Kaduna ta rufe a 2002. Gwanjo da yadin Sin suka cika kasuwa, tun ba ma bayan karya darajar sefa a watan Janairu 1994 ba, da sabon kaya ya yi tsada. Riga ta yi araha har ta kai in ta yage sai a yar, a sayi wata. Yarinya kuma tana talla ko ɗiban ruwa lokacin da a da take zaune kusa da kakarta. A lakwal akwai darasin aikin hannu cikin tsarin karatu, wanda muke kira APP, amma in babu zare babu ƙyalle, sai ya koma sharar fili.

Wani zai ce zamani riga ne, kowa da irin tasa, me ya kai mu kukan abin da ya wuce? Tambaya ce mai kyau, ga amsarmu. Ƙasashen da suka ƙera wayar sun gwada barin rubutun hannu kafin mu. A Amurka, tsarin karatun da yawancin jihohi suka ɗauka a 2010 bai sa rubutu mai sarƙe a ciki ba. Ba a daɗe ba suka ga ƴaƴansu ba sa iya karanta wasiƙun kakanninsu. A 2023 jihar Kalifoniya, inda manyan kamfanonin kwamfuta suke, ta yi doka a mayar da shi daga aji 1 zuwa aji 6. A 2024 wasu masana biyu na jami'ar Trondheim a ƙasar Norwe suka auna aikin ƙwaƙwalwar ɗalibai 40, suna rubutu da hannu, suna kuma bugawa a na'ura. Suka ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗa kai lokacin rubutun hannu. Malamanmu na allo ba su da na'ura, amma sun daɗe da sanin abin da yaro ya rubuta da hannunsa ya fi zama a kansa.

Mu kuma bukatarmu ta fi tasu. Ƙasarmu ta Matamaye mutane sun yi yawa, gona ta yi kaɗan, kowa ya san haka. Tun dokar karkara ta 1993 aka fara kafa kwamitocin kula da filaye, har aka kai ga na ƙauyuka, watau Kofob, inda maigari ke shugabanci, sakatare kuma ke cika takardun saye, kyauta, aro da jingina. Da hannu ake cika su. Ku da ke nesa, gonakinku suna hannun wasu. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓace, a sace ta, muryar da ke ciki ta tafi. Takardar dattijon nan ta yi shekara 40 a gafaka, ba ta nemi caji ba. Addininmu ma ya umurce mu da rubuta bashi, kuma ayar da ta yi wannan umurni, a cikin Baƙara, ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani. Daɗin daɗawa, a watan Maris 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin farin ciki ne. Amma wa zai rubuta ta? Wayoyi da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai ka ga an rubuta kasa ana nufin ƙasa. Hannu kuwa ba ya rasa lanƙwasa.

Game da allura, iyayenmu, ku gafarce mu, za mu faɗi magana mai nauyi. Ranar da aka yi rashi a garin nan, wa ke zama a zaure ya yanka likkafani ya ɗinka? Ku duba da kyau, mutanen nan dai ne, kuma dukansu furfura ta kama su. Sai an nemi yaro ya zura musu zare domin ido ya yi rauni, yaron ya zura ya koma gefe. Kakarmu ta kaɗa zaren likkafaninta da kanta, ta ba da aka saƙa, ta ajiye a tukunya shekara da shekaru. Ba mu ce a koma can ba. Amma abin kunya ne a wayi gari a Dawce gawa na jiran tela ya dawo daga kasuwa.

Saboda haka ga roƙonmu ga ƙungiya. Ba mu kawo abin da ya fi ƙarfinku ba.

Na ɗaya. Duk mai aiko da saƙo gida kafin buɗe lakwal a watan Oktoba, ya sa kaye ɗaya na rubutu kawai ga kowane yaro, da bik, da allura da zare. Kuɗinsu bai kai katin wayar da muke sha a mako ba.

Na biyu. Kowane ɗan ci-rani ya nemi ɗansa ko ƙanensa ya rubuto masa wasiƙa da hannu sau ɗaya a wata, da boko ko da ajami, da Hausa ko da Faransanci. In babu mai kawowa, a ɗauki hotonta a aika ta waya. Ka karanta, ka yaba, ka faɗa masa inda ba ka gane ba. Wanda bai yi karatu ba ya ba wani ya karanta masa, kamar yadda aka yi a da. Yaro in ya san babansa zai gani, za ku sha mamakin hannunsa.

Na uku. Muna roƙon iyayenmu masu sana'ar hannu, maza da mata, su ba mu yamma ɗaya a mako a filin lakwal, tare da sanin kwamitin iyaye. A koya wa yara, maza da mata, zura zare, sa maɓalli, kama baki, yin faci, tufka da saƙar faifai. Wadda har yanzu take da mazari ta zo da shi, ko don yara su gani da idonsu. Ƙungiya ta ɗauki goron masu koyarwa.

Na huɗu. Muna roƙon malamanmu na allo, in yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, a nuna masa yadda ake rubuta Hausa da ajami. Aikin ƴan makonni ne ga wanda ya riga ya san baƙaƙen.

Na biyar. Kowane gida ya fito da tsofaffin takardunsa na gona, na gado da na bashi, tun masu iya karanta su suna da rai. Mu malaman lakwal da na allo za mu zauna tare da rani mu kwafe su a sabon kaye, mai gida ya riƙe asalin da kwafin, ba za mu karɓi ko dala ba. A sa jikoki su zauna a wajen, su ji, su gwada karantawa.

Na shida. In ƙungiya ta samu hali, a fara da tebura ga ƴan aji ɗaya da aji biyu, domin a nan hannu ke kafuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma ga alkawarinmu a gabanku. Ba za mu ƙara tsallake darasin rubutu ba. Za mu gyara namu hannun a kan allo. A taro mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shimfiɗa tabarma a nan, mu jera kayen yara da abin da suka ɗinka, kowane uba da kowace uwa su duba. In ba ku ga canji ba, ku tuhume mu.

Dattijon da muka ba ku labarinsa yana cikin taron nan. Ya ba mu izinin faɗin maganar, da sharaɗin kada mu nuna shi. Abin da za mu iya faɗa kurum shi ne, yau aljihunsa a ɗinke yake, jikanyarsa ƴar aji huɗu ce ta ɗinka. Ɗinkin ya ɗan karkace, amma goronsa bai zube ba.

 Abin da muka faɗa daidai Allah ya ba mu ikon aikatawa, inda muka yi kuskure ku yafe mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da matafiya masaukinsu lafiya, ya shirya mana zuriya.